A koya wa yaranmu Ingilishi, amma kada a mai da shi harshen hukuma

A watan Maris na 2025 abubuwa biyu suka faru kan maganar harshe, ɗaya a Amurka ɗaya nan gida Nijar, kuma har yanzu gardamar ba ta mutu ba a fadojin samari da gurup-gurup na WhatsApp ɗin Damagaram. Ranar 1 ga wata Donald Trump ya sa hannu a takardar umarni cewa Ingilishi ne harshen hukuma na Amurka. Ranar 26 ga wata kuma aka ƙaddamar da sabon kundin tafiyar da ƙasa a Yamai, wanda ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma harsunan aiki ne. A tsakanin ranakun nan biyu Nijar ta sanar da fitarta daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci. To shi ne fa wasu ƴan'uwa, yawancinsu matasa masu karatu, suka ce tunda an fara a ƙarasa mana, a sauke Faransanci kwata-kwata a ɗauki Ingilishi ya zama shi ne na gwamnati da lakwal da kotu da komai da komai, ai ga Ruwanda ta yi, ga Amurka ma da kanta ta rubuta. Ni dai ban yarda da wannan shawara ba, kuma ba don ina ƙin Ingilishi ba ne, wallahi ina son ƴaƴana su iya shi fiye da yadda na iya.

Masu wannan ra'ayi ba shirme suke faɗa ba, dole a ba su gaskiyarsu. Wanda ya fi kowa tsayawa a kai a cikin gidanmu ƙanena ne, ya gama jami'ar nan ta André Salifou yana ta neman inda zai ƙara karatu, kullum yana kan waya yana cike takardun neman tallafi. Ce min ya yi, "Yaya, kai fa ba ka gani ne, duk inda na buɗe Ingilishi suke tambaya, Malesiya, Indiya, Turkiyya, Sin, kowa sai ya ce kawo shaidar ka iya Ingilishi, mu an rufe mu cikin harshen da daga nan sai Faransa sai ƴan maƙwabtan da suka fi mu neman aiki." Kuma gaskiya ne. Mu nan Damagaram fuskarmu Kano take kallo tun kafin Bature ya zo, nisanmu da Kano bai kai kilomita 300 ba, Yamai kuwa kusan 900 ne. Wayar da ke hannun kowa, bidiyon da makaniki yake kallo a YouTube don ya gane matsalar injin, rubutun da ke jikin kwalin maganin da ake shigowa da shi ta Magarya da Matamaye, takardar kaya ta Alhajin da ke saro kaya daga Dubai ko Guwanzu, duk Ingilishi ne. Tun da aka buɗe matatar mai ta SORAZ a 2011 muke ganin ƴan Sin a garin nan, kuma su in sun fita ƙasarsu Ingilishi suka fi taɓawa. Iyaye nawa ne suka sai da abin hannunsu suka tura yaro Akara ta Gana ya yi ƴan watanni don kawai bakinsa ya buɗe. A Maradi ma ga jami'ar Maryam Abacha nan tun 2013 tana jan ɗalibai da Ingilishi. Duk wannan na sani, kuma ina tare da shi a kan cewa yaron Nijar da bai iya Ingilishi ba yau an tauye shi.

Inda muka rabu da shi shi ne, koyon harshe daban, ɗora shi a matsayin harshen hukuma daban. Harshen hukuma shi ne wanda sammaci zai zo maka da shi, shi ne na takardar filinka da takardar haihuwar ɗanka, shi ne wanda alƙali zai rubuta hukuncinka da shi, shi ne wanda yaro ɗan shekara 7 zai tarar a kan allo ranar da aka fara kai shi lakwal. Wanda ya iya shi ya shiga ofis kansa tsaye, wanda bai iya ba kuma sai ya nemi wanda zai riƙe masa hannu, wani lokacin da kuɗinsa. Shi ya sa in an ce a canza harshen hukuma, ni abin da nake fara tambaya shi ne su wa za su tsaya a waje.

Mu ɗan duba Amurkar da ake kafa hujja da ita. Ƙasar nan ta yi kusan shekara 250 ba ta da harshen hukuma a rubuce a matakin tarayya, kundin tsarin mulkinsu bai ce komai ba a kai, kuma hakan bai hana Ingilishi mamaye komai ba, majalisa da shi take zama, kotu da shi, kasuwa da shi. Ingila ma da ta haifi harshen ba ta da wata doka guda da ta naɗa shi, Ostireliya ma haka. Gardamar ta yi ƙarfi ne a 1981 lokacin da wani sanata daga Kalifoniya mai suna Hayakawa, shi kansa ɗan baƙi ne iyayensa ƴan Japan, ya kawo ƙudirin a gyara kundin tsarin mulki a rubuta Ingilishi, bai wuce ba. A 1996 majalisar wakilai ta amince da wani ƙudiri irin wannan amma ya maƙale a majalisar dattawa. Sai jihohi suka riƙa yin nasu ɗaya bayan ɗaya har suka wuce 30, wasu kuma kamar Hawayi da Alaska suka haɗa da harsunan mutanen da aka tarar a wurin. Masu goyon baya suna cewa ƙasa mai baƙi daga ko'ina tana buƙatar harshe guda da zai haɗa ta, kuma baƙon da aka yi ta fassara masa komai ba zai matsa wa kansa ya koya ba, ƙarshenta ya dawwama a ƙaramin aiki. Masu adawa kuma suna cewa ai baƙin suna koyo ba sai an tilasta musu ba, ƴaƴansu ma har mantawa suke da harshen iyaye, don haka dokar ba Ingilishi take karewa ba tunda babu abin da ke barazana gare shi, tsoho da maras lafiya da sabon zuwa kawai za ta taɓa.

Kuma in ka karanta abin da takardar Trump ta yi a aikace za ka ga inda ta faɗa. Ta soke wani umarni da Bill Clinton ya bayar a 2000, wanda ya wajabta wa ma'aikatun gwamnati da masu karɓar kuɗin gwamnati su taimaka wa wanda Ingilishinsa bai yi ƙarfi ba, wato tafinta da takardu a harshen da yake ji. Yanzu ba a hana su yi ba amma ba dole ba ne, in shugaban ma'aikata ya ga dama ya ci gaba in bai ga dama ba shike nan. A watan Afrilu aka biyo da wani umarnin na tsananta binciken Ingilishi a kan direbobin manyan motoci. A ƙasar da mutum wajen miliyan 68 suke magana da wani harshe daban a gida, fiye da miliyan 40 daga ciki Sifaniyanci, amma mafi yawansu sun iya Ingilishin ma. Ina tuna ƴan'uwanmu ƴan Nijar da ke Niyok da Girinsboro, masu tuƙin taksi da matan da ke kitso, ranar da ɗayansu zai kwanta a gadon asibiti yana son ya faɗi inda ke masa ciwo. To in a ƙasar da kusan kowa ke jin Ingilishi abin ya faɗa kan masu rauni haka, mu nan da masu jin sa da kyau ƴan tsiraru ne, kan wa zai faɗa? Su can sun rubuta harshen da mafi yawansu ke yi ne. In da gaske koyi da Amurka ake son yi ai ba Ingilishi za mu rubuta ba.

Akwai wata gwaggona, ƙanwar mahaifinmu, da rigimar gona ta taso mata bayan rasuwar maigidanta. Takarda ta zo mata, ba ta san me ke ciki ba, ta naɗe ta cikin leda ta sa a ƙasan kwalla ta ajiye sai da wani jikanta ɗan kwaleji ya dawo hutu, ya karanta mata da ƙyar yana tsallake rabin kalmomin, a nan aka gane kira ne kuma ranar ta matso. Ni na raka ta. A bakin ofis ɗin ga masu rubuta wa mutane takarda nan zaune ƙarƙashin bishiya, kowa da ɗan teburinsa da bik da tambur, ka faɗa masa damuwarka da Hausa ya juya maka ita Faransanci ka ba shi ɗari biyar ko jika. Muka shiga ciki. Ma'aikacin Bahaushe ne, mutumin kirki, har ya miƙe ya gaishe ta, "Inna sannu da zuwa, ina gajiya, zauna nan." Ta yi bayani da Hausa tiryan-tiryan, ta faɗi iyakar gonar daga gawon nan zuwa tsohuwar rijiya, ta faɗi shekarar da aka saya da waɗanda suka shaida, shi ma ya yi mata tambayoyi da Hausa, ɗaya ɓangaren ma Hausa suke yi. Da aka gama sai ya juya ga kwamfuta ya buga komai da Faransanci, ya karanto da sauri da Faransanci, ya turo mata tawada ta dangwala babban yatsa. Muna fitowa tana goge yatsan da gefen zanenta ta ce min, "Ɗan nan, me na sa wa hannu?" Na ce Gwaggo abin da kika faɗa ne aka rubuta. Ta ce, "To Allah ya sa." Ba wanda ya cuce ta a ranar, amma mace mai hankali da ta riƙe gida shekara da shekaru ta fito daga maganar gonarta ba ta da tabbacin abin da ta amince da shi, sai dai yarda da ni. Yanzu a ce an cire Faransancin an sa Ingilishi, me ya canza mata? An gudu ba a tsira ba. Abin ma sai ya fi muni, don jikan nan da ya iya tsintar rabin kalmomi ba zai tsinci ko kwata ba, masu teburin ƙarƙashin bishiya su ma sun tashi aiki, shi kansa ma'aikacin sai an nemo masa tafinta.

Haka abin yake a gidan likita. Ordonas da Faransanci, takardar cikin kwalin da Faransanci ko Ingilishi, sai mai farmasi ya ɗauki bik ya ja layi a jikin kwali, ɗaya safe ɗaya rana ɗaya dare, da wannan layukan mutanenmu suke shan magani.

Faransawa sun shigo Damagaram a 1899, garin nan ne ma hedikwatar mulkinsu kafin su mai da ita Yamai a 1926. Fiye da shekara 120 kenan Faransanci yana da lakwal, yana da albashi, yana da bulala, amma ƙiyasin da ake bayarwa shi ne masu jin sa a Nijar wajen kashi 13 cikin 100 ne. Wannan adadin kaɗai ya isa ya sa mutum ya yi tunani. In harshen da aka ba duk ƙarfin gwamnati fiye da ƙarni guda iyakar inda ya kai kenan, Ingilishi da zai faro daga ƙasa da haka shekara nawa za mu jira? Kuma a cikin shekarun jiran wa zai riƙe ofisoshi? Dokokinmu duk da Faransanci aka rubuta su, alƙalai da lauyoyi da likitoci da mushe-mushen da ke ƙauyuka duk da shi suka yi karatu. Waɗanda za su ci ribar canjin nan take su ne ƴaƴan masu hali da aka tura Gana da Najeriya da Dubai, su ne za su dawo su tarar da kujeru, ɗan talakan da ya sha wuya ya samu bak ɗinsa, wato shaidar gama sakandare, a lise sai a ce masa ya koma baya.

Ruwandar da ake yawan ambata, mu faɗi labarinta duka mana. A 2008 gwamnatinsu ta ce daga yanzu da Ingilishi za a koyar maimakon Faransanci, a 2009 suka shiga Commonwealth, ƙungiyar ƙasashe rainon Ingila. Malaman da duk rayuwarsu da Faransanci suka yi karatu aka wayi gari an ce su koyar da lissafi da kimiyya cikin harshen da su ma koyon sa suke, har sai da aka ɗauko masu horarwa daga Yuganda da Kenya. A 2011 aka dawo da Kinyarwanda a azuzuwa uku na farko saboda an ga yara ba sa fahimta, a 2019 kuma aka sake komawa Ingilishi tun daga ajin farko. Wannan kai-komo a kan yara aka yi shi. Kuma Ruwanda ƙaramar ƙasa ce da za ka ratsa ta a yini guda, kusan kowa harshe ɗaya yake yi, da yawa daga shugabanninta a Yuganda suka tashi da Ingilishi a bakinsu. Mu daga Gaya zuwa Bilma fa? Gabon da Togo sun shiga Commonwealth a 2022 ba tare da sun canza harshen ofis ba, kenan ana iya buɗe ƙofar ba sai an rushe ɗakin ba.

Amma ni hujjar da ta fi gamsar da ni ba ta da nisa, tana nan ƙetaren Ɗan Barto, iyakarmu da Najeriya. Najeriya da Ingilishi take aiki tun zamanin Turawa, sashe na 55 na kundin tsarin mulkinsu na 1999 ya ce majalisar tarayya za ta yi aiki da Ingilishi, da kuma Hausa da Ibo da Yarabanci in an yi tanadin da ya dace, har yau dai da Ingilishin ake zama. To mu da muke zuwa Daura da Kazaure da Kano kullum, mun ga Ingilishi ya cire talakan can daga wahala? Matar ƙauye a can in ta shiga banki ko kotu ba irin tsayuwar Gwaggo take yi ba? Yaran makarantar gwamnati a ƙauyukansu suna haddace abin da ba su gane ba kamar yadda namu suke haddace Faransanci. Kuma ɗan kasuwar Damagaram in ya shiga Kantin Kwari ko Singa ko Dawanau ba da Ingilishi yake ciniki ba, da Hausa yake saye da Hausa yake rantsuwa da Hausa ake ba shi bashi. Su kansu ƴan Najeriya ba su gama wannan gardama ba, a 2022 gwamnati ta ce a koyar da yaran firamare da harshen uwa, a ƙarshen 2025 wani ministan ya soke ya ce a koma Ingilishi, masana suna ta musu. Alhali tun 1970 Farfesa Babs Fafunwa ya yi gwaji a Ife, aka koyar da yara shekara shida da Yarabanci ana ba su Ingilishi a matsayin darasi a hannun ƙwararrun malamai, yaran suka fito ba su gaza sauran ba har a Ingilishin kansa.

Mu ma muna da namu gwajin, kuma a garin nan aka fara shi. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram inda yaro ke fara karatu da Hausa kafin a shigar masa da Faransanci a hankali, daga baya aka faɗaɗa zuwa wasu harsunan ƙasa. Fiye da shekara 50 kenan kuma har yanzu yawancin yaranmu ba su samu wannan gata ba, abin yana ci min rai ƙwarai. Duk wanda ya yi lakwal a zamaninmu ya san sambol, abin nan da ake rataya wa yaron da bakinsa ya suɓuce ya yi Hausa a filin makaranta, shi kuma ya yi ta laɓe yana sauraron wanda zai ɗora wa kafin a tashi don kada bulala ta ƙare a kansa. An koya mana jin kunyar harshen iyayenmu, an kuma koya mana tona asirin juna. Yaro ya zo daga gida ya iya ƙirga kuɗin tallan uwarsa, ya san sunan kowace bishiya da kowane tsuntsu, ya iya tatsuniya da kacici-kacici, yana shiga aji sai a mai da shi kurma. Ba na son a sake yi wa wani yaro haka, ko da wane harshe ne.

Akwai hujja guda da ta fi sauran nauyi, kuma ba ƙanena ne ya kawo ta ba, wani abokin aikina ne Babarbare ɗan Gure. Ya ce min, "Malam, ku Hausawa abin ya yi muku daɗi, amma harshen Bature ko ba komai ba na kowa ba ne, ni da kai duk baƙi ne a cikinsa, in aka ce Hausa kai ka riga ni tun daga ciki." Na daɗe ina juya maganar nan. Da sabon kundin ya fito an ji ƙorafi irin wannan daga wasu ƴan'uwanmu Zabarmawa da sauransu, kuma bai kamata mu yi kamar ba mu ji ba. Dokar 2001 harsuna goma ta lissafa a matsayin na ƙasa, har da Buduma da Tasawak da masu yin su ba su da yawa. A Indiya an tsara cewa a 1965 Hindi zai tsaya shi kaɗai a matsayin harshen gwamnatin tarayya, mutanen kudu musamman Tamilawa suka tashi, aka yi asarar rayuka, dole aka bar Ingilishi ya ci gaba tare da shi. A Kamaru kuma tun 2016 ƙorafin lauyoyi da malaman yankin masu Ingilishi kan tura musu masu Faransanci ya rikiɗe ya zama yaƙi. Harshe ba abin wasa ba ne.

Amma duk da haka amsar da na ba shi ita ce, harshen da ba na kowa ba ai yana da masu shi, su ne ƴan bokon da suka iya shi, daidaiton da yake kawowa tsakanina da shi ne mu da muka yi lakwal, mahaifiyarsa da gwaggona duk a waje ya bar su. Gyaran ba shi ne a hana kowa ba, a ba kowa ne. A Gure ma'aikaci ya saurari mutum da Barbarci a rubuta masa da Barbarci, a Tasker da Tubanci, a Tanut da Buzanci, a ruga da Fulatanci, a Doso da Tilaberi da Zabarmanci, Hausa kuma ta yi aikin da dama take yi a kasuwa da tasha na haɗa wanda ya fito nan da wanda ya fito can. Mu ƴan Damagaram ya kamata mu fi kowa gane wannan, gidan sarautarmu ma asalinsa daga Barno yake, garin nan Bahaushe da Babarbare da Buzu da Bafillace da Balarabe suka gina shi tun zamanin ayarin Zango. In muka ɗauki matsayin da aka ba Hausa muka mai da shi abin taƙama a kan wasu, to mun zama abin da muke kuka da shi. Mali a kundinta na 2023 harsunan ƙasa ta mai da na hukuma ta bar Faransanci na aiki, Burkina ma ta bi wannan hanya ta ƙara da Ingilishi a na aiki, su ma yanzu aikin da ke gabansu kenan.

Kuma Hausar ma kada mu ruɗi kanmu, rubuta ta a kundi bai sa ta shiga ofis ba. Sai an zauna an fassara dokoki, an daidaita kalmomin shari'a da na likita, an horar da masu buga takardu, an buga littattafan lissafi da kimiyya. Ba daga sifili za a fara ba, tun taron Bamako na 1966 aka daidaita rubutun boko, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo tun 1939 aka fara buga ta, gidajen rediyon duniya shekara da shekaru suna ba da labarin siyasa da tattalin arziki da lafiya da Hausa, ga malamanmu na zaure da suke rubuta ta da ajami tun kafin boko ya zo, ga jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato cike da aikin da aka riga aka yi. Kayan aiki akwai, kuɗi da niyya ake nema.

Shi kuma Ingilishi, in da gaske muke muna son yaranmu su iya shi, to mu dubi yadda ake koyar da shi yau. Sai yaro ya shiga kwaleji ake fara masa, aji cike maƙil wani ma na zana ne, malami ɗan kwantaragi da albashinsa ke makara, littafi ɗaya yara da yawa, a yi shekara bakwai ana haddar jerin kalmomi don jarrabawa a fito ba a iya tambayar hanya ba. Nan ne ya kamata masu kishin Ingilishi su sa ƙarfinsu, kuma zan bi su. Aljeriya maƙwabciyarmu a 2022 ta sa Ingilishi a firamare tun daga aji uku, ba ta taɓa matsayin Larabci da Tamazik ba. Mu ma za mu iya fara shi da wuri a matsayin darasi bayan yaro ya iya karatu da rubutu da harshensa, a tura malamanmu horo Kano da Zariya ga su nan kusa kuma malaman can Hausa suke ji, a buɗe ajin dare a unguwanni, Birni da Zango da Sabon Gari da Garin Malam, don ƴan kasuwar Dole da makanikai da ƴan kabu-kabu da matan da ke saye da sayarwa ta waya, a koya musu Ingilishin da za su yi aiki da shi gobe da safe. Jami'armu ta buɗe wasu fannoni da Ingilishi zalla ga wanda ya zaɓa, irin su man fetur da kwamfuta, a kuma samar da wurin rubuta jarrabawar shaidar Ingilishi a nan don irin su ƙanena su daina dogon tafiya a kanta. A ofisoshi kuma a fara da takardun da kowa ke buƙata, takardar haihuwa da sammaci da takardar fili, a buga su gefe ɗaya da harshen aiki gefe ɗaya da harshen yankin, kuma a wajabta wa ma'aikaci ya karanta wa mutum abin da aka rubuta da harshen da yake ji kafin ya dangwala yatsa.